RB67: Kyamarar da Ba Ta Cin Batir

A makon da ya gabaci babbar Sallar bara abubuwa biyu suka same mu, waɗanda da farko ba mu ga abin da ya haɗa su ba. Wata manhajar lissafin kanti da muka rubuta a 2017, wadda muka kwashe wata shida muna kwana muna tashi a kanta, ta ƙi buɗewa a sababbin wayoyi. Ba mu taɓa komai a cikinta ba. Ƙasar da take tsaye a kai ce ta zame: an sabunta tsarin wayoyin, kuma wasu gutattsarin manhaja na wasu mutane da muka jingina da su an daina kula da su. Mai kantin ya kira mu ya fi sau goma, don lissafin bashinsa na shekara bakwai yana ciki.

A cikin makon ne kuma, muna tattara takardun marigayi mahaifinmu, muka ci karo da wata ambulan mai hatimin wani shagon hoto na Kaduna. A ciki akwai negetif guda ɗaya, na hotonsa da mahaifiyarmu bayan bikinsu a 1984. Ya sha bamban da siririn negetif ɗin nan mai huji-huji a gefe da muka taso muna gani. Wannan ya kai faɗin tafin hannun yaro, har kana iya gane aikin wuyan babbar rigar da ido kawai idan ka ɗaga shi ga haske. Shagon yana nan inda yake, ko da yake yanzu hoton fasfo da kwafin takardu ne cinikinsa. Dattijon da ke ciki ya juya negetif ɗin, ya ce aikinsa ne, sannan ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo wata jaka. Abin da ya fito da shi baƙin akwati ne mai nauyin gaske, an rubuta Mamiya RB67 a goshinsa.

Muka juya ta gaba da baya muna neman ƙofar batir.

"Baba, ina ake sa mata batir?"

"Ku yaran yanzu komai sai da caji," in ji shi. "Tura hannun nan, ka danna nan."

Muka tura hannun ƙarfen da ke gefen dama, muka danna maɓallin. Shiru. Ya miƙo hannu ya zare wani fallen ƙarfe daga bayanta, ya ce a sake. Sai ta yi wata ƙara kamar an rufe ƙofar tsohuwar Fijo. Shekara arba'in bayan ta ɗauki iyayenmu, kuma fiye da shekara goma sha biyar rabon da a sa mata fim, ta amsa. Tun daga ranar muke bin tarihin wannan na'ura, da idon mutanen da abin da suke ginawa da ƙyar yake kai shekara goma.

Tarihin ya faro ne daga fim, tun kafin kyamarar. A 1901 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da wani naɗin fim da ya ba lamba 120, domin wata kyamara mai araha da ake kira Brownie, wadda aka yi don masu ɗaukar hoton gida da yara. Faɗin fim ɗin kimanin santimita shida ne, an naɗe shi tare da takarda mai tare haske a jikin ɗan kwarkwaro. Wannan fim na 'yan koyo shi ne daga baya ya zama na ƙwararru, kuma har yau ana yin sa da faɗin nan da lambar nan.

Abin da ya ɗaga shi girman negetif ne. Hoton fim ƙwayoyin azurfa ne ƙanana da haske ya taɓa. Idan za a wanke hoto da girma, ana haska negetif ɗin ne a kan takarda, kuma gwargwadon yadda aka faɗaɗa shi, gwargwadon yadda ƙwayoyin ke bayyana, fuska ta koma kamar an watsa mata yashi. Ƙaramin fim na milimita 35 yana ba da negetif mai milimita 24 da 36 kacal. Don hoton aljihu ya isa. Amma hoton da za a sa a firam a rataya a falo, wanda baƙo zai tsaya kusa ya duba, yana son negetif mai faɗi. Shi ya sa masu shagon hoto a ko'ina a duniya suka riƙe fim 120 tsawon shekaru, ko da 'yan jarida sun koma ƙaramin.

Kyamarar da ta fara mallake wannan fage ita ce Rolleiflex ta Jamus, wadda ta fito a 1929. Idanu biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya: na sama na leƙe, na ƙasa na ɗauka. Ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, kuma ta yi suna a Afirka ta Yamma. Da ita Malick Sidibé na Bamako ya ɗauki hotunan situdiyo da yawa na samari da 'yan matan Mali bayan samun 'yanci, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Hasselblad a 2003. Sai dai idanu biyu suna da matsala. Abin da na sama ya gani ba daidai yake da abin da na ƙasa ya ɗauka ba, kuma da zarar ka matso kusa da fuska bambancin yana ƙaruwa, har ka yanke wa mutum hula ba ka sani ba. Kamfanin Hasselblad na Suwidin ya magance wannan da ido ɗaya da madubi a ciki, musamman a samfurinsa na 500C na 1957, wanda shi ma ba ya cin batir. Kyakkyawar na'ura ce, amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin masu shago. Kuma duka biyun hoto mai kusurwa huɗu daidai wa daida suke ɗauka, santimita shida da shida, alhali takardar wanke hoto da shafin mujalla duk dogaye ne. Dole a datse gefe, wato a zubar da wani ɓangare na negetif ɗin da aka saya da kuɗi.

A nan Japanawa suka shigo. An kafa kamfanin Mamiya a Tokyo a 1940, tsakanin wani mai ƙera kyamara, Seiichi Mamiya, da wani mai jari, Tsunejiro Sugawara. Tun kyamararsu ta farko, Mamiya Six, aka ga halinsu: maimakon gilashin gaba ya motsa wurin saita hoto, fim ɗin ne ke matsawa gaba da baya daga ciki. Mutane ne da ba sa jin nauyin taɓa bayan kyamara, inda sauran maƙera ke ɗauka a matsayin bango. Daga baya suka yi kyamarori masu ido biyu da ake iya sauya wa gilashi, suka yi wasu na 'yan jarida masu babban negetif. A 1970 suka tattara abin da suka koya suka fito da RB67.

Sunan da kansa bayani ne. Lambobin 6 da 7 girman hoton ne a santimita, ko da yake ainihin awon ya ɗan gaza haka, wajen milimita 56 da 68. Wannan ya ninka negetif ɗin ƙaramin fim fiye da sau huɗu, kuma sifarsa ta kusa dacewa da takardar inci 8 da 10 da shaguna ke amfani da ita, don haka kusan ba a zubar da komai. Naɗin fim 120 guda yana ba da hoto goma. Haruffan R da B kuwa farkon wasu kalmomin Turanci biyu ne masu nufin baya mai juyawa, kuma a nan dabarar take.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto da waya ya san abin da ake yi idan ana son hoto a tsaye ko a kwance: juya wayar kawai ake yi. To ka kwatanta akwati mai nauyin kusan kilo 2.7, an ɗaure shi a kan ƙafa uku, an saita tsawo, an saita fitilu, ga amarya ta zauna. An ɗauki hotonta ita kaɗai a tsaye, yanzu ƙawaye sun shigo ana son na kwance. Idan aka karkatar da kyamarar baki ɗaya, ido ya bar inda yake, nauyi ya koma gefe guda, komai sai an sake shi daga farko. Maganin da Mamiya ta kawo shi ne a bar kyamarar inda take, a kama akwatin fim ɗin da ke bayanta a murɗa shi kwata ɗaya. Sakan biyu, an gama. Farashin wannan sauƙi shi ne girman jiki, domin dole madubi da cikin akwatin su yi faɗin da zai ɗauki hoton ta kowace fuska. Masu yi mata ba'a da cewa ta yi kama da bulo ba su yi ƙarya ba, amma ba a yi ta don rataya a wuya ba. An yi ta ne don ɗaki mai labule a bango da kujera a tsakiya.

Saita hoto kuma da zugazugi ake yi. Idan ka murɗa ɗaya daga maƙunnan da ke gefe biyu, gaban kyamarar duka yana fitowa a kan titin ƙarfe, wata fata mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙeri tana miƙewa har milimita 46. Amfanin wannan shi ne kowane gilashi aka ɗaura yana iya matsowa kusa ƙwarai, a cika hoto da fuska ko da hannu mai lalle, ba tare da ƙarin kayan aiki ba. A gefen zugazugin akwai wani ɗan allo mai zane-zane da ke nuna nisa, da kuma ƙarin hasken da ake buƙata idan an miƙa shi da yawa. Lissafi ne da aka zana a jikin ƙarfe, mai hoto ya karanta da ido.

Ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga, a cikin kowane gilashi yake, kamfanin Seiko mai agogo ne ya ƙera shi. Wasu 'yan ganyayyakin ƙarfe ne sirara da ke buɗewa daga tsakiya su rufe, sifirin da 'yan haƙoran giya irin na agogon hannu ke auna musu lokaci, daga sakan ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 400 na sakan. Ga mai situdiyo wannan babban abu ne, domin irin wannan ƙyaure yana buɗewa gaba ɗaya a kowane gudu, saboda haka fitilar walƙiya tana dacewa da shi ko da wane gudu aka zaɓa. Abokiyar hamayyarta, Pentax 6x7 da ta fito a 1969, ƙyaurenta labule ne a cikin jiki, walƙiya ba ta dacewa da shi sama da kashi ɗaya cikin 30 na sakan, kuma tana buƙatar batir. Gilasan da aka fi ɗaukar fuska da su na RB67 su ne masu milimita 127 da 180. Akwai ma wani mai milimita 150 da aka yi musamman don ya tausasa hoto, ya ɓoye ƙuraje da tamoji, wato aikin da matatun hoto na waya ke yi a yau.

Inda ta fi kama mu shi ne tsarin aikinta, don mun ga sana'armu a ciki. Mu masu rubuta manhaja muna yawan tunani a kan hali: na'ura tana cikin wani hali, daga wannan hali akwai abin da aka yarda ta yi, akwai wanda aka hana. Yawancin kurakuran da ke hana mu barci daga nan suke fitowa, wato an bar mutum ya yi abu na uku kafin na biyu. RB67 jerin halaye ce daga farko har ƙarshe. Ka tura hannun dama, madubi ya sauko, sifirin ya ɗaure, ido ya buɗe ka ga hoto. Ka ja wani hannun dabam a jikin akwatin fim, sabon fili ya zo. Ka zare fallen ƙarfen da ke tsare fim daga haske. Ka danna: ƙyaure ya fara rufewa tukuna, madubi ya tashi, sannan ƙyaure ya buɗe ya rufe gwargwadon lokacin da ka zaɓa. Daga nan gilashin leƙe ya yi duhu, ba ka sake ganin komai sai ka kuma tura hannun. Tsakanin waɗannan matakai akwai sakatu, 'yan ƙusoshi da harsunan ƙarfe da ke shiga su fita. Sakata ce ta hana mu dannawa a shagon Baba muddin fallen yana ciki, don da ta yarda da mun ɗauki duhu. Sakata ce ke hana a cire gilashi idan ba a ɗaure sifirin ba. Abin da mu muke rubutawa da "idan kaza, to kaza", su sun ƙera shi da tagulla da ƙarfe, kuma ana iya kwance shi a gan shi yana aiki.

Ba su yi daidai tun farko ba. A samfurin 1970 mai hoto yana iya mantawa bai ja fim ba, ya ɗora hoto a kan hoto, ango ya fito a cikin ƙirjin surukinsa. Sai a 1974, da samfurin Pro-S, aka ƙara sakatar da ke hana wannan, tare da wasu 'yan gyare-gyare. Daga nan ba a sake taɓa ta da wani babban sauyi ba sai 1990, da Pro-SD ta zo da faffaɗan maƙogwaro don wasu sababbin gilasai. Samfuri uku a shekara ashirin, kuma gilashin da aka saya a farko yana hawa ta ƙarshe. Mu da muke tura gyara duk mako mun jima muna kallon waɗannan shekaru. Akwai kishi a ciki, don wanda ya san ba shi da hanyar aika gyara bayan kaya sun bar masana'anta dole ya yi dogon tunani kafin ya saki. Amma gaskiya ɗaya ce: shekara huɗu masu hoto suka yi suna asarar fim a kan kuskuren da mu da mun toshe shi cikin kwana biyu. Ba mu ce hanyarsu ta fi tamu ta kowace fuska ba. Abin da muka gani shi ne saurin gyara ya koya mana sakin abin da bai nuna ba.

Wani abu kuma da ba injiniya ne ya nufa ba. Ta sama ake leƙa RB67. Ana buɗe wani ɗan murfi, mai hoto ya sunkuyar da kai ya duba wani gilashi mai faɗi, inda hoton ke bayyana dama ta koma hagu, abin da ke rikita ɗan koyo har ya riƙa karkata kyamarar ta inda bai nufa ba. Baba ya ce wannan sunkuyon ya yi masa amfani da ba a rubuta a littafin kamfani ba. Amare da matan aure da ba sa iya haɗa ido da baƙon namiji sukan saki jiki, domin shi kansa a ƙasa yake kamar mai gaisuwa, ba ya ƙura musu ido. Da muka koma gida muka sake duba fuskar mahaifiyarmu a hoton, sai muka yarda da shi.

A 1982 Mamiya ta fito da ƙanwarta, RZ67. Sifa ɗaya, baya mai juyawa, zugazugi, amma an rage nauyi, hannu ɗaya ke ɗaure sifirin ya ja fim, kuma lantarki ke auna lokacin ƙyaure. Idan batir ya mutu, gudu ɗaya tak ya rage mata, kashi ɗaya cikin 400. Manyan masu hoton mujallu a Amurka da Turai sun rungume ta, kuma akwai hotonta guda da kusan kowa a cikinmu ya taɓa gani bai sani ba. Tudun nan mai koren ciyawa da shuɗin sama da ke fuskar kwamfuta mai Windows XP, wanda ya cika shagunan intanet na Kano da Zariya da Maraɗi a shekarun 2000, Charles O'Rear ne ya ɗauke shi a gundumar Sonoma ta Kalifoniya, da RZ67 da fim ɗin Velvia na Fujifilm. Microsoft ta saki Windows XP a 2001, ta daina kula da ita a Afrilun 2014. Yawancinmu a kan wannan manhaja muka koyi taɓa kwamfuta, ga shi yau ba mai hankalin da zai haɗa ta da intanet.

Abin da ya kori RB67 daga shaguna bai zo rana ɗaya ba. Da farko injinan wanke hoto mai launi cikin awa guda suka bazu, waɗanda suka fi son ƙaramin fim, sai masu yawo da ƙananan kyamarori a wuraren biki suka kwashe cinikin situdiyo. Sannan dijital ta zo. Wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko tun a 1975, shekara ɗaya bayan Pro-S. Nauyinta kilo 3.6, ta fi RB67 ma, kuma sai ta yi sakan 23 kafin ta adana ɗan dusasshen hoto baƙi da fari a kaset. Ba wanda ya ji tsoronta a lokacin. Shekara talatin bayan haka ta ci kasuwar. A 2006 kamfanin Mamiya ya sayar da sashen kyamarorinsa, a 2015 kamfanin Phase One na Denmak ya mallake shi gaba ɗaya. Ita kanta Kodak ta shiga kotun masu karyewar jari a 2012.

A nan ne muke rabuwa da masu yabon RB67 da ke cewa ba ta buƙatar komai, har abada za ta yi aiki. Mun san wannan magana, don mu ma mun faɗa wa mai kanti irinta a 2017. Batir ne kawai ba ta buƙata. Ko awon haske ba ta da shi a jiki, sai da wata na'ura dabam ko da ƙwarewar ido. Sannan tana buƙatar fim, shi kuwa fim ba a yin sa a bayan gida: azurfa ce ake damawa da wani ƙulli da ake samu daga ƙashi da fatar shanu, a shafa a kan leda, hawa-hawa, cikin duhu, a masana'antun da duk duniya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Duk lokacin da ɗaya ta rufe layi, wani ɓangare na kyamarar ya mutu ko da ƙarfenta lafiya lau. Akwai akwatin baya na fim ɗin nan-take da masu situdiyo ke gwada haske da shi kafin su ɗauki na gaske. Polaroid ta daina yin fim ɗin a 2008, Fujifilm ta daina nata a 2016, akwatin ya zama kayan ado. Dogon naɗi mai lamba 220 da ke ba da hoto ashirin, manyan kamfanoni sun bar shi. A 2021 Fujifilm ta dakatar da Pro 400H, fim ɗin da masu hoton biki suka fi so. Ta ɗaya gefen, Ilford ta Ingila ta tsallake rugujewa a 2005 tana ci gaba da yin baƙi da fari, kuma a 2022 Kodak ta fito da fim ɗinta na Gold a girman 120, saboda matasa sun dawo suna nema. Ran kyamarar Baba yana hannun shawarar da wasu mutane za su yanke a ofisoshin da bai taɓa jin sunansu ba. Haka manhajarmu take, ba bambanci.

Bambancin yana wurin lalacewa. Ita ma tana tsufa: man da ke cikin ƙyaure yana daskarewa, soson da ke toshe haske a bakin akwatin fim yana ruɓewa ya zama baƙin danƙo, zafi da ƙurar hunturu suna huda zugazugi. Amma duk wannan ana gani, ana ji. Baba ya sa ta a sakan ɗaya, ya kai kunne, ya danna. Wani ɗan zizan giya ya tashi ya ja ya tsaya. "Ta yi nawa," in ji shi. "Mai take so." Bai buɗe komai ba ya gano ciwon. Mai haƙuri da ƙananan sukurdireba da hannun gyaran agogo yana iya kwance ta ya wanke ya mayar, kuma idan ƙusa ta karye ana iya ƙera wata. Idan allon lantarkin RZ67 ya ƙone kuwa, sai dai a nemi wata matacciya a ciro nata. Sidibé kansa, bayan hoto mai launi ya rage masa ciniki, gyaran kyamarori ya riƙe, shagonsa cike da su a kan kanta. Abin da ke ƙarewa yanzu shi ne irin waɗannan hannaye. Mun tambayi Baba wa ke yi masa gyara. Ya ce mutum biyu ne a garin, ɗaya ya rasu, ɗayan idonsa ya tafi, kuma yaransu duk gyaran waya suka koya. Ba mu ga laifinsu ba, don a can abinci yake.

Negetif ɗin iyayenmu dai mun sa an kwafe shi zuwa kwamfuta. Da muka faɗaɗa shi a allo, muka ga zaren aikin hular mahaifinmu ɗaya bayan ɗaya, muka ga agogon hannunsa yana nuna ƙarfe huɗu da kwata, muka ga wani ɗan zobe a yatsan mahaifiyarmu da ita kanta ta manta da shi. Shekara arba'in yana kwance a ambulan, ba caji, ba kalmar sirri, ba kuɗin wata. Hotunan sunan ɗiyarmu ta fari kuwa, na 2019, sun fi ɗari uku, sun tafi tare da wayar da aka zare mana a tasha, domin ma'ajiyar intanet ɗin ta cika watanni kafin nan ba mu lura ba. Mu da muke koya wa mutane adana bayanai. Guda shida muka tsinto a wayoyin dangi, duk an matse su sun dusashe.

Manhajar kantin ta ɗauke mu mako uku kafin ta tashi, bashin bai ɓata ba. Ita kuwa kyamarar, Baba ya ƙi sayarwa, amma ya yarda ya ba mu aro idan mun samo fim. Mun aika an sayo naɗi ɗaya baƙi da fari daga waje, da ɗan soson toshe haske, kuma ya ce shi zai wanke da hannunsa idan mun kawo sinadarin. Hoto goma ke nan, ba gogewa, ba dubawa a sake. An kwana biyu ana gardama a gida kan wanda zai shiga da wanda zai haƙura. Na farko dai ba a yi musu a kansa ba: Inna ce, riƙe da jikarta. Ta ce sai ranar Sallah, bayan ta yi lalle, kuma a gaya wa mai hoton kujerar nan ta 1984 take so idan tana nan.